Matar da Ta Cike Rijiyar Ubanta

Goggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta, a gidan da aka haife ta cikin birnin Katsina. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Ta manyanta, ta kuma yi jinya, don haka mun ga abin yana tafe. Ba rasuwar ce kaɗai ta sa na zauna rubuta wannan ba. Abin da kunnena ya jiye mini a wurin zaman makoki ne ya hana ni sakat.

Ina zaune a tsakar gida cikin mata. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta jero gaisuwa yadda ya kamata: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ashe Goggo lokaci ya yi, Allah shi gafarta mata. Sai ta koma gefe, ta ja kwanon gumba gabanta, ta karkata ga wadda ke kusa da ita.

"Mutuniyar kirki, wallahi. Sai dai maganar nan ta rijiya."

"Ai shi ne. Allah dai shi yahe mata. Ruwa ai ba abin rowa ba ne."

Wata tsohuwa har da share ƙwalla, wai tana jiye wa Goggo ƙishirwar kabari. Tana faɗa tana tauna gumbar sadakar Goggon. Maƙwabciyarmu, wadda katanga kawai ta raba mu, ba ta shigo ba sai da rana ta yi sanyi. Ta yi gaisuwa a tsaitsaye, ta ƙi taɓa abinci, ta fita.

A ƙofar gida kuwa maza sun yi layi suna miƙa hannu ga Yaya, ɗan riƙon Goggo. Yana cikin babbar riga, da hankici a fuska, kukansa ya fi na kowa tashi. Duk sanda sautin kukan ya ratso zaure ya iso gare ni, sai in kau da kai. Unguwa kaf ta san Goggo da abu ɗaya: ita ce matar da ta cike rijiyar da kowa ke sha. Ni na san wadda ta cike, na kuma san dalili.

Goggo yayar mahaifina ce. Ta yi aure, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo gidan ubanta ta zauna. Mu biyu ta riƙa: ni, da ɗan wanta da uwarsa ta rasu tun yana goye, shi ne nake kira Yaya. Ni da tsawa ta raine ni, shi kuma da lallashi. In na fasa tulu, rawar kaina ce. In Yaya ya fasa, to dama tulun ya tsufa. Ban taɓa jin haushin hakan ba sai da na girma na ga inda ya kai mu.

Mace ce mai ƙyanƙyami na ƙin ƙarawa. Ba ta kai moɗa baki sai ta sunsuna. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma yaron da ya zo saye da majina a hanci sai ya koma ya wanke fuska kafin ta karɓi kwanonsa. Da safe takan ɗauki 'yar kujerarta ta zauna kusa da rijiya tana sa ido. Kowa ya san laifin da ba ta yafewa, wato ajiye guga a ƙasa.

"Ɗauke mani gugan nan," in ji ta. "Inda ka taka da takalmin kasuwa, nan za ka aza abin da za mu sha?"

Ta faɗa wa 'yan ga-ruwa, ta faɗa wa matar mai unguwa, ta taɓa faɗa wa wani alhaji da ya tsaya alwala, har ya bar wurin bai shafi kai ba. Ana tsoron bakinta, amma ana dariyarsa a bayan ido, don an san ba mugunta ba ce.

Kakanmu ne ya haƙa rijiyar. Yawancin rijiyoyin gefenmu zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa da su, sai wanki da wanke-wanke. Tamu kuwa garɗi gare ta. Tana cikin wani ɗan fili tsakanin zaure da cikin gida, kuma kakanmu ya fasa ƙaramar ƙofa ta lungu don kowa ya shigo ya ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Ya bar wasiyya kada a taɓa kulle ƙofar. Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, saboda haka rijiyar ce uwar kowa. Matan Fulani masu tallan nono nan suke sauke ƙwarya su huta, Goggo ta ɗebo musu da kanta, ta tsaya tana yi musu tsiyar sun tsarma nono da ruwan da bai kai nata daɗi ba. Akwai tarwaɗa a ciki, irin wadda magabata ke sakawa don ta cinye tsutsotsi. In ta tsufa ta mutu a sako wata. Goggo na kiranta mai gadi.

Lokacin da aka kawo maƙwabciyarmu amarya daga wani ƙauye mai nisa, ba ta da kowa a birni. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, da ta samu kuma babu babbar mace a gidan da za ta kula da ita. Ba wanda ya roƙi Goggo. Ita ta ɗauki ƙatuwar tukunyarta ta zagaya, ta hura wuta, ta riƙa yi wa mai jego wankan safe da yamma har aka yi arba'in. Ita ke dama mata kunun kanwa, ita ke gasa wa jaririn cibi. Namiji ne, ƙato, mai yawan dariya. Goggo kan ɗaga shi sama ta ce wannan mijin nata ya fi na farkon kyau. Uwar kuwa ta ce ba ta da uwa a duniya sai Goggo, na ji da kunnena.

Akwai wani abu da sai an san shi za a gane yadda muka shiga uku. Muna yara, in damina ta yi nisa aka fara jin labarin amai da gudawa, duba-gari kan zo da kakinsa da wani gwangwani na farar hoda, ya auna ya zuba a rijiya. Ruwan ya yini yana warin asibiti, daga baya warin ya tafi. Mutane na son abin nan ƙwarai. Shi ne shaidar hukuma ta san da zamanmu. Goggo da kanta kan dama wa duba-gari fura. A zamanin soja aka daina ganinsu, tsofaffi suka riƙa ambaton abin cikin kyawawan abubuwan da suka wuce. Sai ya zauna a zuciyar kowa cewa in mai mulki ya zo ya zuba wani abu a rijiya, alheri ya kawo.

Da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, Yaya ya bar rumfarsa ta wake a Babbar Kasuwa ya tsaya takarar kansila, ya kuma ci. Dama can ya saba da maganin ƙwari, da shi yake ajiye wakensa. Sai ya barbaɗa da hannu, ya karkaɗe a riga, ya zauna ya ci tuwo. In an yi magana ya ce ga shi nan garau. Fastarsa har a ƙofar rijiya ya liƙa. Goggo ta jiƙa ta da ruwa ta kankare, ta ce ba ta son ƙazantar gam kusa da abin sha.

A daminar farko aka yi rabon maganin feshi na gona, kowane kansila da kasonsa, wai romon dimokuraɗiyya. Mazaɓar Yaya tsakiyar birni ce, ko kuyya ɗaya ta gero babu, amma aka sauke masa jarkoki ya jibge a zauren gidansa. Ana nan sai jajayen tsutsotsi suka bayyana a rijiyoyi, aka kuma fara raɗe-raɗin amai da gudawa a wata unguwa. Yaya ya duba jarkokin nan, ya tuna duba-gari, ya ga hanyar yin suna ta samu. Abin da ke kashe tsutsa a gona ai zai kashe ta a rijiya. Iyakar tunanin da ya yi ke nan.

Ya zaɓi ranar da Goggo ta tafi suna Batagarawa. Ni ina gidan mijina a lungu na gaba, kiɗan kalangu kawai na jiyo. An ba ni labari ya zo da jama'a da maroƙi, ya ce zai fara da rijiyar gidansu don a san ba ya nuna bambanci. Ya tsiyaya cikin gwangwani ya juye, ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, aka yi ta tafi. Washegari tarwaɗa ta taso ciki sama. Maimakon hankalin mutane ya tashi, sai suka ce kun ga ƙarfin magani, wanda ya kashe tarwaɗa ina tsutsa za ta tsaya. Warin kuma, ai haka na duba-gari yake yi, zai tafi. Masu tsafta suka tafasa, wasu suka jefa alif, wasu suka tace da ƙyalle, kowa ya sha.

Goggo ta dawo ta ɗebi moɗa ɗaya ta kai hanci, ta watsar. Ta kwance igiyar guga ta shige da ita ɗaki, ta tsaya a ƙofa tana korar mutane. Suka zo da gugansu. A ranar ce 'yata, da ba ta isa shiga makaranta ba, ta fara amai. Miyau na dalala daga bakinta, zufa ta jiƙa ta sharkaf, jikinta na karkarwa, ƙirjinta na kurari. Na buɗe idonta na ga baƙin ya tsuke kamar kan allura. Ni da Goggo muka ɗauke ta sai asibiti. Muna can, yara suka ci gaba da kwanciya a unguwa, aka ce to ga amai da gudawar nan ta iso. Mutanen Yaya suka koma rijiya suka ƙara wani gwangwanin, don a kashe cutar tun ba ta yaɗu ba.

Likitan da ya duba 'yata ya tambaye ni ko daga gona muke, ko an yi feshi kusa da ita. Na ce mu 'yan birni ne. Goggo ce ta gaya masa abin da aka zuba a rijiya. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube mu. Ya ce wannan ba cutar da muke zato ba ce, guba ce, irin wadda ke kayar da manomi in iska ta juyo masa da feshi. Tafasawa ba ta kashe ta, tunda ba rai gare ta ba. Alif laka kawai yake kwantarwa. Wanda ya sha kaɗan-kaɗan ma bai tsira ba, tana iya taɓa jijiya, ta taɓa hanta, ta zubar da ciki. 'Yata ta tashi, amma har yau hannunta na dama rawa yake, ba ta iya kai cikakken kofi baki ba tare da ya zube ba.

Ɗan maƙwabciyarmu bai daɗe da yaye ba a lokacin. Uwarsa ta yi abin da rediyo ya koya wa kowa game da amai da gudawa. Ta tafasa ruwan rijiya, ta haɗa da gishiri da sukari, ta riƙa ɗura masa cokali-cokali. Yana amayarwa tana ƙara masa. Kafin mu dawo daga asibiti an binne shi.

Ina ɗakin ranar da Goggo ta aika aka kira Yaya. Ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula yana juya ta a hannu.

"Goggo, wallahi alheri na yi nuhi."

"Ka karanta abin da ke jikin jarkar?"

"Turanci ne, Goggo."

"Hoton ƙoƙon kan mutum da ke jiki, shi ma Turanci ne?"

Ya ajiye hular a ƙasa. Can sai ya rarrafo ya kama ƙafafunta, ya kira ta Inna, sunan da rabonsa da shi tun yana ƙarami. Ya ce in maganar nan ta fita ya ƙare, ɗaure shi za a yi, ko a ƙone gidan da mu a ciki. Bai tambayi jikin 'yata ba. Bai ambaci yaron da aka binne ba. Kujerarsa kawai yake wa kuka. Goggo ta dube shi irin kallon da take yi wa abin da ta taka a lungu.

"Tashi," ta ce. "Ka ba ni ƙyama."

Na ɗauka shi ke nan, za ta fita ta tara unguwa. Yana fita sai ta juyo gare ni, ta sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin tana numfashi. Uwa ce a gare ni, na rantse ina kuka.

Ta fara da ƙoƙarin ceto rijiyar. Liman ya ce a yashe ta, in launi da ɗanɗano da ƙamshi suka dawo daidai, ruwa ya tsarkaka. Aka kira masu yasa suka kwashe har laka. Sabon ruwa ya taru garai-garai, babu wari. Goggo ta aika kasuwa aka sayo tarwaɗa mai rai ta saka, ba ta kwana biyu ba ta taso. Aka sake yasa, aka sake tarwaɗa, ita ma ta bi 'yar uwarta. Liman ya ce shi dai a wurinsa ruwan ya halatta.

"Allah gafarta Malam," in ji Goggo, "na ji ya halatta. Cikin yara nike ji mawa."

Ta sa kwaɗo a ƙofar da ubanta ya ce kada a kulle. Aka ɓalle kwaɗon. Ta sake sa wani, matasa suka riƙa haurowa ta katanga da jarka, don kowa ya gaji da ruwan zartsi, kuma a ganinsu annoba ta wuce. Tunda ta ƙi faɗin ainihin dalili, ba wanda ya ga abin da zai hana shi sha. Cewa kawai take yi ruwan ya ɓaci, su kuwa ga ruwa suna gani fes. Ranar da ta kama wata yarinya ta kafa kai a guga tana sha, ranar ta aika a kira masu jakai su fara kawo ƙasa.

Ana cikin cikewa, da rana tsaka, sai ga a-kori-kura ta tsaya a lungu. Yaya ne ya aiko da gudummawar ƙasa da fasassun tubala. Yaransa suka riƙa shigowa da buhuna suna juyewa da sauri. Ina tsaye kusa da Goggo muka ga jarkoki suna gangarawa tare da ƙasar, kuma daga ƙarar faɗuwarsu mun san ba wofi ba ne. Ashe an fara maganar za a zo a bincika inda rabon ya shiga, shi ne ya sami ramin ɓoye sauran. Kafin Goggo ta yunƙura ta miƙe an bi su da ƙasa. Ta juya gefe ta tofar da yawu, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Daga ranar ba ta ƙara cin ko ƙwayar shinkafa daga gidan Yaya ba. In an kawo abincin salla sai ta ce a mayar, ko akuya ba ta yarda a ba. In ya zo gaisuwa tana amsawa ne fuskarta na kallon bango. Mutane suka ce tsohuwa ta rikice, ɗan da ta raina ya zama wani abu tana yi masa baƙin ciki.

Unguwa ta juya mata baya. Marowaciya ya zama sunanta. Aka daina sayen ƙuli-ƙulinta. Matan Fulani suka sauya hanya. 'Yan mata suna dawowa daga ɗibar ruwa mai nisa, wuya ya ƙage, in sun zo daidai ƙofarmu sai su yi tsaki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na maƙwabciyarmu. Takan tsaya a bayan katanga ta ɗaga murya yadda za a ji.

"Ɗana ya tahi, ruwan ma an hana mu. Wanda ya so taimakonmu an hana shi. Allah na nan."

Ina jin haka sai in miƙe zan mayar mata. Goggo kuwa sai ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulin da ba mai saye, ta ce in ƙyale ta, zafin da ke cikinta ya fi namu. Da azumi ma takan aika mata da kunu ta hannun wasu, ba tare da an ce daga ina ya fito ba.

Na sha yi mata magana. Na ce Goggo ki faɗa, ki wanke kanki, ki bar mutane su san wanda suke yi wa tafi. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ni na goya shi." Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Zan faɗi ra'ayina ƙarara, ko da yake ta tafi. Cike rijiyar nan shi ne aiki mafi girma da na ga wani mahaluki ya yi, don ta san abin da zai jawo mata ta kuma yi. Shirun kuwa ban yarda da shi ba. Rufin asiri ne aka yi wa wanda bai cancanta ba, kuma wasu ne suka biya. Matar da ba ta iya haɗiye ruwan da ƙuda ya faɗa ta haɗiye wannan shekara da shekaru, ina gani yana cin ta. Da ciwo ya kwantar da ita, takan ce a fito da ita a zaunar kusa da tudun da rijiyar take a da. Wata rana na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Cewa take, "Baba, ka ce kada a ruhe ƙohwa. Na ruhe har ramin. Ka yi haƙuri."

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, Yaya ya miƙe a ƙofar gida ya yi jawabi. Zaɓe ya ƙarato, kuma yanzu kujerar da ta fi kansila yake nema. Ya ce ya san akwai abin da ke tsakanin marigayiya da unguwa, kuma shi a matsayinsa na ɗa ba zai bar ta da nauyi a kabari ba. Zai haƙa sabuwar rijiya a gefen tsohuwar, sadaka ga Goggo. Maza suka ɗauki madalla. Labari ya shigo cikin gida, mata suka hau sa masa albarka. Ni kuwa na ture kwanon tuwona gefe. Mutumin nan ya san abin da ya binne a wurin, da kuɗinsa aka ɗauko motar.

Washegari da safe mahaƙa suka iso da diga da igiya. Jama'a suka cika filin har lungu. Yaya ya taka 'yan taku daga tudun, ya zana da'ira da tsinin takalminsa. Na ɗauki mayafina na fita. Ban taɓa tsayawa gaban maza na yi magana ba, amma wadda na yi wa rantsuwa ta daina numfashi. Na faɗi abin da aka zuba da wanda ya zuba. Na faɗi abin da likita ya ce. Na jawo 'yata na ɗaga hannunta sama kowa ya ga yadda yake rawa. Na nuna tudun na ce jarkokin suna nan ƙasa, wanda ke musu ga diga nan.

Yaya ya yi murmushin yaƙe, ya ce a yi mini uzuri, zafin rashi ne, mata sai haƙuri. Wasu har sun fara gyaɗa kai. Sai maƙwabciyarmu ta ratso mutane ta fito. Ba ta dube ni ba, shi ta duba.

"Alhaji, abin da ta hwaɗi gaskiya ne?"

Ya gyara hula. Ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa.

"Hajiya, kowa da kwanansa," in ji shi. "Yaron nan ko da mi ya sha, in kwana ya ƙare..."

Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya taya shi. Mahaƙan suka tsaya jiran a ce su fara, ba wanda ya ce, can suka naɗe igiyarsu. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har aka bar Yaya da yaransa da da'irar da ya zana.

Maƙwabciyarmu ta biyo ni cikin gida. Ta zauna a ƙofar ɗakin Goggo, a ƙasa, ba ta nemi tabarma ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Ta sani tun ranar?"

Na ce ta sani.

"Ina zaginta tana ji?"

Na ce tana ji, kuma ba ta taɓa riƙe ta a zuci ba. Na ɗauka gafara za ta nema. Sai ta girgiza kai.

"Zagin da na yi mata, Allah shi yahe mani. Amma ni ma tana da nawa a wuyanta. Da ta hwaɗa mani. Kullum Alhaji ya wuce sai na gaishe shi. Na yi mashi addu'a bisa sallaya." Ta ɗaga babban yatsanta tana kallo, kamar ba nata ba. "Da wanga na dangwala mashi, kuma da shi nike shirin ƙarawa."

Ban yi ƙoƙarin kare Goggo ba. Na zauna kusa da ita a ƙasan, muka yi kukan da ya kamata a ce tun ranar Talata aka yi shi a gidan nan.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da aiki biyu. Shirun da ta yi don ɗan da ta goya, ka yafe mata, ka kuma sanyaya zuciyar wadda shirun ya cuta. Rijiyar da ta cike kuwa, ka rubuta mata ladan kowane yaro na unguwar nan da ya girma bai sha ba.